Farar Motar Abu Ƙusai

"Motar yake so, ba ke ba!"

Umm Ƙusai ta faɗa ba tare da ta ɗago daga ganyen inabin da take naɗe shinkafa a ciki ba. Autarta Lujain ta yi turus a ƙofar kicin.

"Haba Mama! Shekararmu biyu fa da Nidal..."

"Bai san hanyar gidan nan ba sai da zancen baje koli ya taso. Ya dire mini kayan zaƙin nan, kunafa, ya gaishe ni a tsaitsaye, ya zarce gareji. Yarinya ya mayar da ni?"

Nidal ma'aikaci ne a wani gidan tarihin motoci a Amman, shi aka ɗora wa shirya baje kolin tseren motocin jeji da tsaunuka. Motar da ya fi buƙata kuwa ta marigayi Abu Ƙusai ce, mahaifin Lujain, wadda ya ci tseren hanyar garin Jarash da ita tun kafin a haife ta. Umm Ƙusai ce ke zama gefensa a lokacin, tana karanto masa kwane-kwanen hanya. Tun rasuwarsa, duk Juma'a sai ta tayar da injin, ta zauna a ciki har ya ɗau zafi.

Maganar ta tsaya wa Lujain a rai. Washegari ta same shi wurin aiki.

"In Mama ta hana motar fa?"

"Shugabana zai ci ni ɗanye."

"Ba shi nake tambaya ba. Ni fa?"

Ya ajiye hotunan hannunsa ya dube ta.

"Rabin raina, har ke?"

"Ka dai ba ni amsa..."

"To ki gaya wa Inna na janye. Ta riƙe kayanta."

Bai sake tayar da zancen ba. Shugabansa ya yi faɗa kamar zai ari baki, ya karɓe jawabin buɗe taro ya bai wa wani. A bakin abokin aikinsa Lujain ta ji, shi bai ce mata komai ba.

Ranar buɗewa Umm Ƙusai ta yafa mayafi.

"Mu je in ga ƙaryarsa."

Zauren ya cika da motoci masu ƙyalli. A tsakiyarsa kuwa fili ne wayam, sai wani ƙaton hoto: farar motar cikin ƙura, Abu Ƙusai yana dariya, gefensa wata siririyar mace da hular kwano. An rubuta sunanta kusa da nasa, baƙi ɗaya girma ɗaya.

Wasu 'yan mata suka dubi hoton, suka dubi tsohuwar.

"Inna, ke ce?!"

"Ni ce mana. Lokacin ina da ƙugu."

Suka yanyame ta da tambayoyi. Lujain ta koma gefe tana jin uwarta na ba da labarin kwanar da suka kusa faɗawa kwari, har da kwaikwayon ihun babanta. Rabon da ta ji wannan dariyar, tun yana da rai.

Nidal ya matso a ɗarare ya gaishe ta.

"Me ya hana ka cike gurbin da wata motar?"

"Ba wurin wata ba ne, Inna."

Ta nuna igiyoyin da aka kewaye motocin da su.

"Waɗannan nake tsoro, ɗana. Duk abin da aka ɗaure wa igiya ya gama rayuwa. Ban shirya sake binne mijina ba."

"Na gane..."

"Ka zo ka ɗauke ta, amma ba igiya. Kuma duk Juma'a zan zo in tayar da ita da hannuna."

"Ko da za a kore ni!"

"Kada ka yarda, da me za ka riƙe mini 'ya? Ka turo manyanka neman aure, gahawarsu ba za ta huce ba kafin in amince."

A tasi, kan hanyar gida, Lujain ta kwantar da kai a kafaɗarta.

"Mama, da gaske kin ba shi motar?"

"Aro ne, wata uku ta dawo garejinta." Ta juya tana kallon titi. "Ke ce dai ba za ki dawo ba."

Lujain ta ƙanƙame ta. Direba ya rage rediyo, bai waiwayo ba.