Ranar Da Eladio Ya Juya Jirgi

Nelda na durƙushe gaban murhu tana ɗumama wa mahaifinta ruwa, amma kunnenta na waje. Tun asuba ƙirjin Baba Baldomero ya ɗaure, numfashi sai da ƙyar. Tsibirinsu babu likita, sai wanda mijinta Eladio zai ɗauko yau daga birnin Puerto Montt a ɗan jirgin saman da yake tuƙawa.

"Sun taso kuwa?" in ji mahaifiyarta, Mama Orfelina.

"Sun taso, Mama."

"To Allah ya sa. Mijin nan naki komai sai ya yi nawa."

Da Nelda ta jiyo ƙugin inji, sai ta yar da buta ta ruga bakin titin jirgi. Iska daga teku ta make ta, sai da ta riƙe shinge. Jirgin ya ɓullo daga gajimare yana tahowa a karkace kamar ƙaguwa. Saura ƙiris tayoyinsa su taɓa ƙasa, iska ta hankaɗe shi wajen duwatsu. Inji ya yi kuka, jirgi ya koma sama. Ya zagayo ya sake gwadawa, ta sake ture shi. Daga nan ya juya hancinsa arewa.

Nelda ta bi shingen da gudu tana ɗaga hannu, tana kiran sunan mijinta, kamar zai ji.

Kafin rana ta faɗi Baba ya cika.

Washegari gari ya yi lumui, Eladio ya sauka. Mama ta tare ƙofa.

"Matsoraci ba ya shiga gidan nan."

"Mama, ba ni kaɗai ba ne a ciki. Iska ta gicciye titin, ga ruwa ya sa santsi. Da na matsa..."

"Da ka matsa da mijina na raye!" Ta juyo ga 'yarta. "Ke kuma in kin bi shi, ki ɗauka ni ma kin binne ni."

Nelda ta zauna a gidan uwarta, ga ƙaramin ciki, ga makoki. Duk ranar da Eladio ya sauka sai ya zo bakin danga ya tsaya. Wata rana ya tambaye ta a hankali, "Ke ma haka kike gani?"

"Na san gaskiyarka, Eladio. Amma ubana ne. In na rufe ido, bayan jirginka nake gani." Hawaye ya ƙwace mata. "Ka ba ni lokaci."

"Ina nan," in ji shi.

Hunturu ya kusa fita, cikin Nelda ya tsufa, aka ce sai ta je birni awo. Teku ta ƙi kwanciya, jirgin ruwa bai zo ba. Dole Mama ta raka ta a jirgin surukinta, fuska a ɗaure, ko gaisuwarsa ba ta amsa ba.

A hanyar dawowa iskar ta taso. Suna hango rufin gidansu jirgin ya zurma ƙasa kamar an tsinke igiya, sannan ya kwanta gefe guda, duwatsu suka cika taga. Mama ta rungume cikin Nelda da hannu biyu.

"Eladio, ɗana, koma. Don Allah kada ka sauka."

Ashe ya riga ya ɗaga hancin jirgin.

A wani gari suka sauka. Fasinjoji suka watse, Mama na zaune ta kasa kwance bel ɗin kujera. Eladio ya durƙusa ya kwance mata.

"Haka iskar ta yi ran nan?"

"Ta fi haka, Mama."

"Kuma kana ganin gidan?"

Ya sunkuyar da kai. "Har Nelda ina gani, tana bin shinge."

Mama Orfelina ta dafa kansa ta fashe da kukan da ba ta yi ba ko ranar jana'iza. Nelda ta kamo hannun mijinta, karo na farko tun rasuwar.

Da iska ta lafa suka koma tsibiri, a gidan Eladio Nelda ta sauka, Mama da kanta ta kai mata kayanta.

Baba dai bai dawo ba, haƙuri ba ya tada matacce. Amma yana hana a binne mai rai tare da shi. Wanda ke ƙasa jirgi kawai yake gani, na ciki shi ya san iskar da ya sha. Kada baƙin ciki ya sa ka yanke masa hukunci.