Ƙahon da Sajo Ya Ƙi Kafawa

"Sajo, mahaifina ka ƙi? A gaban mutane?"

Mansura ce tsaye bakin rumfar askinsa a kasuwar Cadawa, idanunta jawur.

"Mansurata, tsaya ki ji..."

"In ji mi! Ya rantse wanzamin da ya ƙi kafa masa ƙaho ba zai ba shi ɗiya ba!"

Wata uku ke nan da mahaifinta Alhaji Barmo ya faɗi kan buhunan ayarsa, dafe da ƙirji. Daga Maradi aka wuce da shi Yamai. Can likita ya zura siririyar waya ta jijiyar hannunsa har zuciya, ya buɗe hanyar jinin da ta toshe, ya bar wata 'yar raga ciki don kar ta sake rufewa. Aka ɗora shi kan ƙwayar tsinka jini, kullum ba fashi.

To amma Alhaji mutum ne da kaka ba ta wuce shi ba ƙaho. Shi a wurinsa mataccen jini ne ya kada shi, likita dai ya yi nasa.

"Da ni aka je Yamai," in ji Sajo a hankali. "Da kunnena na ji, ko tsaga ɗaya kar a yi masa, jinin ba zai tsaya ba. Na faɗa masa, wai sai ya aje maganin kwana bakwai. Ragar ta toshe ke nan! Gara in rasa ki, hasken idona, da in maishe ki marainiya."

Ta juya tana share hawaye da bakin mayafi.

Ranar Juma'a Alhaji ya kira tsoho Labo wanzami. Aka ce a fara da aski. Aska ta ɗan taɓa bayan kunne, abin da bai kai ƙwayar gero ba.

Jini ya ce bismilla. Tsumma ɗaya ya jiƙe, na biyu ya bi shi. Labo ya tattara ƙahonninsa yana salati.

Mansura ba ta nemi izinin kowa ba ta buga waya. Sajo ya iso kan moto, ya durƙusa, ya danne wurin da auduga, kansa sunkuye don kunyar suruki. Har aka yi kiran salla bai ɗaga hannu ba.

Da jinin ya tsaya, Alhaji ya daɗe yana kallon tsumman.

"Tsaga nawa ake yi wa ƙaho guda?"

"Takan kai goma, Baba."

"Ni kuwa shida na so a kafa..." Ya yi gyaran murya. "Mansura! Kawo mini ƙwayar nan, ki kawo wa mai taurin kan nan ruwa."

Ta kawo. Alhaji ya dubi Sajo.

"Ka gaya wa ubanka bayan Salla za a ɗaura. Askar nan taka kuma ka adana ta. Kan jikana za ta fara, ina zaune ina kallo!"