Harafi Ɗaya Gaba

Ranar da Malamin Lissafi ya fara shigowa shagon buga takardu na Baba, Auta ce a bakin inji. Ta duba takardar da ya miƙo mata, haruffa birjik babu kalma ɗaya mai ma'ana, ta ce masa wanda ya buga masa wannan ya cuce shi.

Ya yi dariya har gilashinsa ya zame. Ya ce wasa ne yake koya wa ɗalibansa: kowane harafi a matsa shi gaba da ɗaya, a ya zama b, b ya zama c, z kuma ya zagayo ya zama a. Kafin injin ya gama aiki ta warware layin farko. Ya kalle ta, ita kuma ta kalli ƙasa.

Daga ranar takardun Malam suka ƙi ƙarewa, har ya samu lambarta. Wata safiya saƙo ya shigo: "Job tpolj, Tauraruwata."

Ta ɗauki biro ta mayar da haruffan baya, sai ga "ina sonki". Ranar mutum biyu ta ba takardun juna.

Baba ya ga saƙon, ransa ya ɓaci. Ya ce mutumin kirki ba ya magana a murɗe, kuma shi ɗan amininsa mai shagon taya ya fi kwanta masa a rai.

Zancen ya kai kunnen Malam. Ya turo saƙo yana tambaya ko da gaske ta amince da mai taya, nan take ya bi shi da wani: "Ab lj bvsf oj?" Wato za ki aure ni.

Na farkon kaɗai ya iso da wuri. Auta ta amsa da sauri: "B'b." A'a ke nan. Malam ya ɗauka amsar na biyun ce, ya kashe waya, ya ɗauke ƙafa. Ta tura bayani har ta gaji.

Auta ta rame, ta daina tsokanar kowa a shago. Baba ya gaji da ganinta haka, ya karɓi wayar ya ce ta nuna masa dabarar. Ya zauna da fensir yana warwarewa, yana neman abin kamawa. Abin da ya yi ta samu shi ne Malam yana ce mata ta ci abinci, ta huta, ta gaida Baba.

Ya ajiye fensirin ya ce, "Yaron nan kullum yana gaishe ni, ke ce ba kya faɗa."

Da kansa ya je makarantar, ya miƙa wa Malam guntun takarda. Kalma ɗaya ce a jiki: "Uvsp." Malam ya karanta, turo, wato ya turo magabatansa, sai ya durƙusa a gaban ɗalibansa, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Da yamma saƙon Auta ya iso masa: "Ob bnjodf, Malamina." Na amince.

Bayan an ɗaura aure Baba ya kira su ɗaki, ya riƙe hannun autarsa ya daɗe bai saki ba. Ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Auta ta ce amin tana share hawaye, Malam kuwa sai da ya faɗa har sau uku.