Minti Ashirin a Bakin Famfo

Malama ta shigo tsakar gida tana jan ƙafa, cikin wata bakwai ya yi mata nauyi, ga jakar makaranta a kafaɗa. Surukarta Inna na zaune a kan tabarma, ba ta ko ɗago kai ba.

"Likita an dawo? Yau kuma wace masifar aka koyo mana?"

"Sannu da gida, Inna. Yau ƙuna aka koya mana, abin da za a yi in yaro ya ƙone."

"Kin ji ko. Ɗa bai zo duniya ba, uwarsa na can tana yi masa fatan wuta. Ni haihuwa bakwai na yi, ban zauna a ajin kowa ba."

Kwas ne na agajin gaggawa da wani asibiti ke yi wa masu juna biyu da mazajensu duk Asabar. Mijinta Tela ya raka ta sau biyu, a na ukun Inna ta yi kuka wai an mallake mata ɗa, daga nan ya janye jiki. Yana son matarsa, wannan babu tantama. Amma irin mazan nan ne da in magana ta tashi tsakanin uwa da mata, sai su ƙara wa keken ɗinki gudu don kada su ji.

"Don Allah, ki haƙura da sauran makonnin kwas ɗin nan," ya ce da ita a ɗaki yana matsa mata ƙafa. "Wallahi na gaji."

"Ni fa? Kowa da mijinta, ni kaɗai ke zama kamar wadda ta yi cikin ita ɗaya."

Ya sunkuyar da kai. Ita ma ba ta da ƙarfin faɗa. Ta ƙarasa kwas ɗin ita kaɗai, in ta dawo ta zauna kusa da kekensa tana karanta masa abin da ta rubuto, ba ta san ko yana ji ba.

Allah ya sauke ta lafiya, aka samu mace, ana kiranta Kyauta. Inna ta ɗora wa jikar son duniya, amma sunan Likita bai bar bakinta ba. Malama ta shanye. Wata rana ta yi dariya, wata rana ta shiga ɗaki ta share hawaye.

Kyauta na da shekara ɗaya da wata biyu, wata safiya aiki ya yi wa Tela yawa. Yadudduka suka cika teburi, sai ya ajiye dutsen guga da zafinsa a ƙasa gefen keke, yadda ya saba tun yana gwauro. Ya manta yanzu gidan akwai mai tafiya. Yarinyar ta tako ta dafa shi da tafin hannu.

Kafin kukan ya gama fita Malama ta sure ta, ta nufi famfon tsakar gida, ta tara hannun a ƙarƙashin ruwa. Ta ce da mijinta, "Duba agogo. Minti ashirin."

Inna ta fito da man goge baki a hannu ɗaya, gishiri a ɗayan.

"Ruwa? Ke kam ba ki da imani! Bororo zai tashi — ba ni ita."

"Inna, ki yi wa Allah. Man nan riƙe zafin yake yi, ya kuma sa ciwon ya ruɓe."

Inna ta juya wajen ɗanta. "In dai ni na haife ka, karɓo min yarinyar nan."

Malama ba ta kalle shi ba, don ta riga ta cire rai. Ta dai ƙara ƙanƙame 'yarta. Sai ta ji takunsa, ya zo ya tsaya tsakaninta da Inna.

"Inna, ki gafarce ni. Saura minti goma sha shida."

"Ni za ka ƙirga wa minti? Kai ma da ka ƙone kana yaro, da me na yi maka magani in ba wannan ba?"

A hankali Tela ya naɗe hannun rigarsa na hagu. Daga tsintsiyar hannu har gwiwa fatar ta tattare, hannun ko miƙewa sosai ba ya yi.

"Shi ya sa, Inna."

Ruwa ya ci gaba da zuba a hannun Kyauta, tana shessheƙa. Da lokaci ya cika suka rufe hannun da leda mai tsabta suka tafi asibiti. Nas ta duba, ta ce ruwan ya taimaka ƙwarai, yatsun za su warke ba tare da sun manne ba.

Da suka dawo Inna na nan inda suka bar ta. Ta kama hannun ɗanta tana shafa tabon, hawaye na zuba.

"Wata uku ka yi kana kuka da shi. Ni kuwa ina ta ƙara gishiri, ina ganin gata nake maka. Ba wanda ya koya mini."

"Ba laifinki ba ne, Inna," in ji Malama, ita ma tana kuka.

So kaɗai ba ya ceton yaro in babu sani, kuma ranar da abu ya faru ba ranar koyo ba ce. Wanda ke shirin zama uba ko uwa, ya nemi ilimin nan tun ɗan bai zo ba. Haƙurin Malama bai tafi a banza ba, ta tsira da hannun 'yarta, ta kuma san mijinta zai iya tsaya mata.

Inna ta share fuska da gefen zane, ta dubi surukarta.

"'Yata, zauna nan. In abu ya shaƙe yaro fa, yaya ake yi?"