Ragowar Shayi a Tsagar Dutse

Muttaka, maigidana, ya dage sai mun je Agadas ganin duwatsu da kwazazzaban hamadar nan da yake ta nuna mini a waya. Da asuba muka bar unguwarmu, Kpakungu. Mun ɗan wuce garin Beji ya tsayar da mota gindin wani ƙaton dutse, wai mu karya tukuna.

Da muka gama, na juye ragowar shayin filas cikin wata tsaga a jikin dutsen. Haushin tafiyar nake ji, ko bisimillar da Inna ta hore ni da ita kafin zubar da ruwan zafi ban yi ba.

Tsuntsaye suka yi tsit.

Wata mata ta ɓullo daga bayan dutsen da goyo. Tana taka busassun ganye, ba sa ƙara.

"Waye ya zubar da ruwa?" Bakinta bai motsa ba.

"Wane ruwa, Iya?" in ji Muttaka.

Ni take kallo. Ta kwance goyon a hankali, ta juyo mini bayan yaron. Fatar ta saɓule, tururi na tashi, yana ƙamshin citta da kanumfarin da na daka jiya da hannuna.