Dama Ta Zauna Dama

Samira na riƙe da tiren shayi ta fara ganin Mujtaba. Shi ne mai gyaran samma'a, na'urar jin da mahaifinta Alhaji Jibirin ke sawa a kunnuwa biyu tun da ya makance, jinsa kuma ya raunana.

Sabon diwan ɗinsu na siminti, wato zauren baƙi, a garin Wad Haddad amsa-kuwwa yake kamar cikin tulu, magana ɗaya ta koma uku. Sati biyu Mujtaba na zarya, rabi gwaji rabi kallon Samira. Ya kashe amsa-kuwwar a cikin na'urar, ya tafi yana hura hanci.

Ranar Juma'a liman ya yi sallama ta dama, Alhaji ya miƙa hannu ta hagu, ya gaisa da ginshiƙi. Osman, ɗan ƙanen Alhaji da ya daɗe yana son Samira, ya yi dariya, ya kuma kai labarin kasuwa.

"Ɗan banza ya maishe ni abin dariya!" in ji Alhaji, yana nufin Mujtaba. "In na ƙara jin ƙafatai gidan ga, sai na karya ta. Khalas, shi ke nan!"

Ran Samira ya ɓaci matuƙa. Ta rubuta wa Mujtaba a waya: "Ka kashe amsa-kuwwa, ka haɗa da mutuncin babana. Kowa a tsakar kansa yake jin shi. Kar ka sake ce mini habiba."

Kwana uku ta ƙi duba amsarsa, ga ta kuwa tana son ta duba. Ran na huɗu ta buɗe.

"Laifina ne, Samirata. Na haɗe kunnuwan biyu wuri ɗaya. Zan rage ƙarar daidai a kowane gefe, dama ta zauna dama. Ki ba ni awa guda."

"Ba don kai ba," ta amsa. Da Alhaji ya kwanta bayan azahar ta ɗauke samma'ar ta miƙa wa Mujtaba ta katanga, fuska a murtuke. Kafin Alhaji ya farka ta mayar da ita.

Ranar da dangin Osman suka zo neman aure, Mujtaba ya tsaya bakin ƙofa ba gayyata. Samira na bayan labule tana saurare.

Osman ya raɗa wa abokinsa: "Bari mu gani ko ginshiƙi za ya ba ɗiya tai."

Alhaji ya ɗaga sanda, ya nuna shi daidai.

"Osman, kusa ga taga. Na jiya. Hita."

Mujtaba ya yi sallama a hankali. Alhaji ya juya ya fuskance shi sosai.

"Ya zol, bawan Allah, har yanzu haushinka nika ji. Matso."

Ya miƙa hannu, hannun ya faɗa cikin na Mujtaba.

Bayan girbin dawa aka ɗaura auren Samira da Mujtaba. Samira ta durƙusa can gefe tana kuka ƙasa-ƙasa, Alhaji ya ɗora tafinsa a kanta ba tare da lalube ba.

"Allah shi yi muku albarka, ɗiyata."