Littafin Baƙi na Bakin Get

Ranar wata Litinin Tayyiba ta fara ganinsa, tsaye a tagar ɗan ofishinta da ke bakin get ɗin babban siton kayan masarufi na hanyar Garam.

"Sannu da aiki. Sunana Abdulƙadir, ina cikin sababbin da aka ce su zo horo."

Ta tura masa littafin baƙi. Dokar wurin ke nan: wanda bai gama horo ba ba ya dangwala yatsa a na'urar ma'aikata, baƙo ne.

"Suna, lokacin shiga, dalilin zuwa. In za ka fita ka dawo ka sa lokaci."

Ya rubuta, ya wuce da bironta a aljihu. Da yamma ya dawo da shi yana sosa ƙeya. Kashegari ma haka. A rana ta uku ta gane mantuwar ta gangan ce, ta kuwa bar shi ya ci gaba da mantawa.

Kafin mako ya zagayo sauran sababbin sun gano ƙofar baya da tireloli ke bi, suka daina sa hannu. Shi kuwa ɗan Funtuwan nan, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya sai ya zagayo ta tagarta, safe da yamma. Tana kiransa Baƙona, yana kiranta Mai Biro.

Horon sati biyu aka ce. A kwana uku suka gama koyon lambar kaya da jera kwalaye, sauran duk dako ne, sauke tirela daga bakwai na safe zuwa shida na yamma. Sati biyu suka zama huɗu, huɗu suka zama bakwai, ba ko sisi. Ga takardar da suka sa wa hannu: wanda ya tafi kafin a sallame shi, shi zai biya kuɗin horon. Gaba kura, baya sayaki.

Mai sallamar kuwa Oga Faruk ne, mai kula da sito, wanda ya taɓa neman Tayyiba ta ce ya yi haƙuri. Bai yi ba.

A gidan su Tayyiba da ke Wambai ma ba sauƙi. Mahaifinta Malam Bamalli tela ne, shekara talatin a kan keke. Da ya ji Abdulƙadir na neman aurenta, sai ya haɗe rai.

"Ni ko aljihu ban taɓa ɗinkawa kyauta ba," ya ce. "Mutum ya yi wata biyu yana dako ba a biya shi? Ko dai ba shi da aiki, ko ba shi da zuciya. Ya kawo mini shaidar albashi kafin azumi, in ba haka ba ya nemi wata ƙofar."

Saura kwana goma sha biyu azumi saƙo ya shigo wayarta.

"Mai Birona, wata Madam Abimbola za ta zo daga hedkwata ranar Alhamis kan ƙorafinmu. Oga ya ce awa biyu kawai muke zuwa darasi a rana, kuma ba mu da shaida. Littafinki ne kaɗai ya san gaskiya. Ba na son in jefa ki a wahala, amma ban da wata hanya."

Ta karanta sau ba adadi. Albashinta ne ke sayen maganin sukarin Inna. In ta fitar da littafin ba izini ana iya korarta, in ta ɓoye shi ta rasa mutumin da ya cika shafukansa. Tsoro ya kama ta sosai, ta kuma ji haushin kanta da tsoron.

Ranar Talata Faruk ya jingina da tagarta yana murmushi.

"Tsohon rejistan nan ya cika. Ki kawo mini ofis, mu ba ki sabo."

Ita ma ta yi murmushin dole, amma ba ta ba da littafin ba. Daidai lokacin Abdulƙadir ya doso, ya gan su, ya juya ya bi ta ƙofar baya. Da yamma ma bai zo ba. Ta zauna tana kallon layin da babu sunansa har hawaye ya ɗiga a kai.

"Baƙona," ta rubuta masa, "abin da ka gani ba shi ba ne. Ka zo Alhamis da wuri."

Ranar Laraba ma ta ƙofar baya ya bi.

Ranar Alhamis ana tsakiyar zaman sauraron ƙorafin, Faruk na bayani da Turanci mai santsi, Tayyiba ta shigo rungume da littafin. Ta ajiye shi a gaban Madam Abimbola.

Matar ta gyara tabarau ta bi shafi-shafi. Kwana arba'in da uku, shiga bakwai saura, fita shida da wani abu, dalilin zuwa: horo. Ta sa aka ɗauko takardun sauke tireloli, ranaku suka yi daidai, har da sunayen sauran a jiki.

"Wannan ba darasi ba ne, aiki ne. Lokacin da kamfani ya tilasta maka zuwa, sai ya biya ka." Ta dubi Abdulƙadir ta saman tabarau. "Amma me ya sa kai kaɗai kake sa hannu kullum?"

Ya sunkuyar da kai. Abokansa suka kwashe da dariya, Tayyiba ta ja mayafi ta rufe fuska.

Aka biya su duka, aka ɗauke Faruk daga siton. Ita kuma aka ba ta takardar gargaɗi saboda fitar da littafi ba izini. A bakin get Abdulƙadir ya tarar da ita tana ninke takardar.

"Ki yafe mini, Mai Biro. Na zarge ki."

"Ka bar mini layi biyu ba komai a ciki. Sai ka biya su."

"Da me?"

"Ka je ka ga Baba."

Malam Bamalli ya duba takardar albashin gaba da baya, ya saurari labarin littafin har ƙarshe, sannan ya yi gyaran murya.

"Wanda ya jure wannan zagayen saboda biro, ba zai ƙi dawowa gida ba. Turo magabatanka."

Sati biyu bayan Sallah aka ɗaura aure a ƙofar gidan, Wambai ta cika maƙil. Malam Bamalli da kansa ya ɗinka babbar rigar ango, ya kuma karɓi kuɗin ɗinkinsa cif, bai rage ko naira ba.

Da za a tafi da amarya ɗakinta a Hashimi, ya dafa kanta.

"Kin tsaya wa guminsa, Allah ya sa ya tsaya wa naki. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a tagari." Ya juya ga angon. "Kai kuma daga yau ka daina sa hannu, Abdulƙadir. Ka tashi daga baƙo."